Advent: wace kalma za mu sa a takardar shirin sujada?

Malamin katakizim, Tudun Wada:
Salama gare ku. Za a buga takardar sujada ta ƙarshen shekara, ga "Advent" zaune da Turanci a tsakiyar Hausa. Sunan lokacin shirin Kirsimeti ne, asalinta Latin ne, adventus, wato zuwa. Yana farawa Lahadi ta huɗu kafin Kirsimeti, tsakanin 27 ga Nuwamba da 3 ga Disamba, don haka kwanakinsa daga 22 ne zuwa 28. Shawarata: Lokacin Jira.

Shugabar mawaƙa, Bukuru:
Malam, jiran wa? Kalmar ba ta faɗa ba. Kuma zuwa biyu ne. Har 16 ga Disamba hankali yana kan komowar Almasihu cikin ɗaukaka, daga 17 zuwa 24 sai a juya ga haihuwarsa. Kada dai a kawo "tsammani", akwai shakka a cikinta.

Baba Fasto, Naraguta:
'Ya'yana, ku duba Matiyu 25, misalin budurwai goma. Dukansu jira suke yi, amma biyar ne kawai ke da mai sa'ad da aka yi kira a fito a taryi ango. Abin da lokacin yake nema ke nan, shi ya sa ake karanta wa'azin tuba na Yahaya Mai Baftisma a Lahadi ta biyu. Ni Lokacin Tarbar Almasihu zan ce. Na zaɓi "tarba" a kan "tarya" domin a bakin jama'armu, da yawansu Berom ne, Ngas, Tarok, Mwaghavul, tarya da tarayya suna saurin cakuɗewa.

Malamin katakizim:
Na yarda, Baba. Saura mai wuyar: yaya za mu rubuta cewa Ɗan Allah ya ɗauki jikinmu domin mu shiga ransa? Tarayya da Allah?

Fada, Laranto:
A'a, Malam, a Jos wannan zai jawo rashin fahimta. Maƙwabcinka Musulmi ya saba cewa Allah ba shi da abokin tarayya, da ya karanta sai ya ɗauka shirka muke koyarwa. "Zama Allah" ta fi muni. Abin da 2 Bitrus 1:4 ke nufi da samun rabo cikin halin allahntaka, wanda Atanasiyus, bishop na Iskandariya, ya tsaya a kai a ƙarni na 4, shi ne abin da Ɗan yake da shi bisa asali, mu muna karɓa ne kyauta. Ƙarfe a wutar maƙera yana ja, yana ƙuna, amma ƙarfe ne har yanzu. A Mass, wato sujadar jibin Ubangiji ta Katolika, firist yana ɗiga ruwa kaɗan cikin ruwan inabi, yana roƙon mu sami rabo cikin allahntakar Almasihu wanda ya ƙasƙantar da kansa ya ɗauki mutuntakarmu. To, a rubuta: samun rabo cikin ran Allah ta wurin alheri. Kalmomi ukun ƙarshe kada a yanke su don neman wuri a shafi.

Shugabar mawaƙa:
Fada, "zumunta" fa?

Fada:
Mama, da an ji ta hankali zai tafi zumuntar mata da ta matasa. Tana nuna kusanci, amma ba ta nuna cewa ran da kansa aka ba mu ba.

Shugabar mawaƙa:
To shi ke nan. A ƙara bayanin kyandir a ƙasan shafi: huɗu ne, uku shunayya, ɗaya ruwan hoda na Lahadi ta uku, Lahadin Farin Ciki. Ana ƙara kunna ɗaya kowane mako, akwai kuma na biyar, fari a tsakiya, shi sai daren Kirsimeti. Hunturu yana busar da ɗanyen ganyen da aka kewaye su da shi kafin mako ya zagayo, busasshen ganye kusa da wuta kuwa gobara ce. A kafa kyandirori cikin faranti mai yashi, a sauya ganye kowace Asabar, a nisanta teburin daga taga.

Malamin katakizim:
Kan shafin farko zai zama: Lahadi ta Ɗaya ta Lokacin Tarbar Almasihu.