Yaya ya jefar min da kafasitar da na ƙirƙiro

Ɗan Rigasa: Assalamu alaikum. Wallahi raina a ɓace yake. Sati biyu ina haɗa kafasita, wato abin da ke ajiye cajin wutar lantarki, da hannuna: kwalbar gilashi, ruwan gishiri a ciki, takardar alminiyam a naɗe ta waje, ƙusa ta huda murfin ta taɓa ruwan. Na caja ta da raket ɗin kashe sauro, na kusanto da wayar wuta, sai ga tartsatsi, ƙyas! Jiya Yayana ya shigo shago, bai tambaye ni komai ba ya wurga ta kwata, wai zan kashe kaina. Abin da na ƙirƙiro da kaina! Kuma kwalbar nan ba ta kisa, sau biyu tana ja na, ga ni da raina.

Ɗalibin Poly: Wa alaikumus salam. Ƙanena, cire kalmar "ƙirƙiro". Wani Bajamushe, von Kleist, ya yi wannan a 1745, sai Musschenbroek na garin Leiden a ƙasar Holan a 1746, shi ya sa ake ce mata kwalbar Leyden. Da ta ja Musschenbroek, ya rubuta cewa ko masarautar Faransa za a ba shi ba zai sake ba. Kwaikwayo ka yi.

Oga Panteka: To ga su nan. Yaro ya yi abu da hannunsa, ku sai ku buɗe littafi ku kashe masa gwiwa. Shi ya san wani Holan? Abin da ba a nuna maka ba ka yi shi, ai ƙirƙira ce.

Ɗan Rigasa: Gaskiya na ɗan gani a bidiyo, Oga, amma gishirin ni na auna.

Ɗalibin Poly: Kun ji ko.

Malamar Hausa: Ku yi haƙuri in sa baki. Ƙirƙira ita ce samar da abin da babu irinsa. Wanda ya sarrafa ƙarfe ya ƙera, wanda ya tattara kaya ya haɗa. Yaron nan haɗawa ya yi, kuma ba abin kunya ba ne.

Oga Panteka: Hajiya, da girmanki, mu a Panteka, kasuwar maƙera ta Kaduna, injin niƙa da injin ɓare gyaɗa muke fitarwa daga tarkace. Haɗawa za ki kira shi? Shekara nawa 'yan Poly suna tsallako titi su kawo mana aikin kammala karatunsu, mu yi, su ɗauka su karɓi shaida?

Ɗalibin Poly: Ba kowa ba, Oga. Kada ka yi mana kuɗin goro. Ku kuna walda, mu muke lissafin.

Baba Mai Talabijin: 'Ya'yana, kun bar jaki kuna dukan taiki. Yaro ya ce abu ba ya kisa, babu wanda ya tanka. Kwalbarsa ƙarama ce, cajin da take riƙewa kaɗan ne, na yarda. Tsorona gobe ne. Wanda ya ɗanɗana tartsatsi zai nemi babba, ya je wajen 'yan gwangwan ya ciro taransifoma da kafasitar makrowef. Wannan kusan bolt 2,000 ce, da ƙarfin da zai tsayar da zuciya nan take. Tsohuwar talabijin mai ƙeya kuwa, kwalbarta kan kai bolt 25,000, kuma tana riƙe caji bayan an zare ta daga soket. Ina saurayi wata ta ja ni a shagon maigidana, kwana guda bayan an kashe ta, hannuna ya fizge ya daki ƙarfen jikinta. Tabon yana nan. Tun ranar ba na taɓa babbar kafasita sai na sauke cajin ta resista, abin da ke rage gudun wuta, na auna da mita, hannu ɗaya a aljihu don kada wuta ta bi ta ƙirjina. Ko an sauke, wata takan dawo da ɗan caji, don haka nake barin waya a ɗaure tsakanin ƙafafunta.

Mai Walda Kakuri: Baba, ai bolt ba ya kisa, amfiya, wato yawan wutar da ke gudana, ke kisa. Da hunturu in ka taɓa ƙofar mota, dubban bolt ne ke cizonka, wa ya mutu? Ni sukundireba nake ɗora wa kafasita, ta yi tas, shi ke nan.

Ɗalibin Poly: To me ke tura amfiyar cikin jiki in ba bolt ba? Wutar NEPA bolt 230 ce kawai, tana kashe mutane. Miliamfiya 30 kacal, ɗan guntun amfiya ɗaya, aka sa wa na'urar kariya ta katse wuta a kai. Kuma in ka ninka bolt sau biyu, ƙarfin da kafasita ke ajiyewa sau huɗu yake ƙaruwa. Sukundireban nan wata rana narkakken ƙarfe zai fallatsa maka a ido.

Mai Walda Kakuri: Kai da ba ka taɓa riƙe ƙarfen soda ba za ka koya min? Shekarata nawa a aikin nan kafin a haife ka?

Malamar Hausa: Ni dai ban janye ba, haɗawa ce.

Shugaban Zaure: To, mu tsaya nan. Abin da na fahimta: yawancinmu mun yarda yaro ya ƙirƙira, don mai aikin hannu shi ne injiniya na gaskiya. Masu takarda su rage raina mutane. Yayansa bai kyauta ba, ya biya shi kwalbarsa. Baba ma ya yi magana a kan talabijin, Allah ya ƙara girma.

Ɗalibin Poly: Wane yawanci, ranka ya daɗe? Kai da Oga ne kawai, kuma layinku ɗaya a kasuwa.

Baba Mai Talabijin: Ɗan Rigasa, ka zo shagona ranar Asabar bayan la'asar, kai da Yayanka. Kada ka sayi komai na makrowef kafin nan.