Zuwa Autodesk University da kuɗin aljihu: waɗanda suka taɓa zuwa, ina neman shawara

Mai_Kamfas:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekara biyar ke nan ina zanen sassan inji da Fusion, manhajar kamfanin Autodesk, a gefe kuma ina rubuta sharhi kan manhajojin zane, ba a ƙarƙashin wata jarida ko kamfani ba. Bana na ƙudurta zuwa Autodesk University, taron shekara-shekara da kamfanin ke shirya wa masu amfani da manhajojinsa. In nemi katin 'yan jarida na shiga kyauta ne, ko in sayi tikiti da kuɗina? Tsorona kada masu karanta ni su ce an saye ni. Kuma ba zan iya barin aiki fiye da kwana huɗu ba.

ZaneZalla:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, Config, taron kamfanin Figma na masu zanen fuskar manhaja, za ka je, a San Faransisko. Can ne ake yayi yanzu.

Baba_Injiniya:
Yaro, mutum na maganar ƙusa da ƙarfe kai kana kawo masa zanen fuskar manhajar waya. Mai Kamfas, saurara. Ni na taɓa karɓar katin nan a taron wani kamfani, ba zan kama suna ba. Murna har kunne. Da isata aka rataya min igiya mai launi dabam da ta kowa, aka kai mu wani ɗaki, aka miƙo takarda in sa hannu cewa ba zan wallafa komai ba sai ranar da suka ɗiba. Na sa. Washegari na nufi ajin gwaji, inda ake zama gaban kwamfuta ana koyo hannu da hannu, wanda dominsa na yi tafiyar. Matar da ke bakin ƙofa ta haska katina, na'urar ta yi ja. Wai katina na jawabai ne kawai. Awa biyu ina tsaye a baranda ina leƙen bayan kawunan mutane ta gilashi. Da na dawo na rubuta gaskiya, cewa sabuwar fitowar manhajarsu na maƙalewa in fayil ya yi nauyi. Shekara ta zagayo na aika saƙo uku, ko "mun gani" ba a ce min ba. Ga wani mai ba ni aiki da ya koma wurin wani saboda makon da na yi ba na nan. Har yau abin na ci min rai.

Yar_Taswira:
Allah ya huci zuciyarka, Baba. Amma ba ko'ina haka yake ba. Ni an ba ni kati, na rubuta a layin farko cewa kyauta na shiga, ban kuma rage ko kalma ɗaya daga sukar da na yi ba. A Amurka ma hukumar FTC mai kare haƙƙin masu saye ta wajabta a bayyana irin wannan kyautar. Mai karatu ɓoye-ɓoye yake ƙi.

ZaneZalla:
Masauki ne zai cinye ka. Ni dala 300 na biya duk dare.

Yar_Taswira:
300? A Las Begas na kwana a kan 110, tafiyar minti ashirin zuwa zauren.

Baba_Injiniya:
Wace shekara, Hajiya? Taron ai ba ya zama wuri ɗaya yanzu. 2022 Niyu Olins, 2023 Las Begas, 2024 San Diyego. Farashin wani gari ba ya auna na wani.

Dogo3D:
Duk ku bar wahala. Darussan taron ana ɗora su kyauta a intanet bayan an tashi. Na kalli na 2020 da 2021 daga kan kujerata.

Yar_Taswira:
Malam Dogo, shekarun nan biyu kowa ma daga gida ya kalla, saboda korona. Wanda bai taɓa tsayawa a layin shayi ya tsinci kansa kusa da injiniyan da ya rubuta abin da ke ba shi ciwon kai ba, bai san me ake zuwa nema ba. Minti goma na yi da wani, ya warware min matsalar wata shida.

Dogo3D:
To sai wanda ya hau jirgi ke da bakin magana?

ZaneZalla:
Ni dai ka tafi da jaka babu komai ciki. Rigunan kyauta da sitika kaɗai sun isa ka buɗe shago 😂

Dogo3D:
Rigar da ka riga ka biya kuɗinta wata-wata! Da can ka sayi manhaja ta zama taka. Adobe ta koma tsarin haya a 2013, Autodesk ta daina sayar da lasisin dindindin a 2016, saura suka bi sahu. Shi ya sa na koma Blender, manhajar zanen 3D, kyauta ce, taronsu ma a Amstadam suke yi.

Baba_Injiniya:
Blender ba za ta fitar maka da zanen da mai injin yanka ƙarfe zai karɓa da awo daidai ba. Amma maganar haya gaskiyarka ce. Wata manhaja ta taɓa kulle min ana gobe miƙa aiki, don katin banki ya ƙi wucewa. Zanena, guminina, ina kallon fayil ba halin buɗewa.

Mai_Kamfas:
Na gode ƙwarai. Hajiya, katin da aka ba ki ya shigar da ke ajin gwaji kuwa?

Dogo3D:
Baba, ka gwada FreeCAD, manhajar zanen sassan inji ta kyauta, kafin ka yanke hukunci.