Kajin gida ko na agirik, wanne zan saka a fili a Ikorodu?

Maman Ummi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema, maigida ya samu fili a bayan Ikorodu ya zagaye shi da katanga bai fara gini ba, nace bari in saka kaji su dinga yawo suna kiwo da kansu saboda kuɗin abincin buhu yanzu sai a hankali. To kajin gida zan saya ko na agirik?

Alhaji Mai Ƙwai Agege: Wa alaikumussalam Hajiya. Abu na farko ki cire burola a lissafi. Wannan kazar an yi ta ne ta zauna a ɗaki ta ci ta sha, sati shida zuwa takwas a yanka, in kika sake ta a fili ƙafarta ma ba za ta ɗauki nauyinta ba balle ta gudu in shaho ya sauko. Leyas kuma irin su Isa Brown suna iya ba ki ƙwai kusan 300 a shekara amma fa da abincinsu na buhu kullum, ranar da kika ce su yi tsince-tsince ƙwan zai ɗauke.

Ɗan Zazzau: Gaskiya Alhaji ya faɗa. Ni dai kajin Hausa nake so, na taso na ga kakata da su, dusa ce da tsaki da yamma shikenan, su kwanta a kan ƙwansu kwana 21 su ƙyanƙyashe su ja 'ya'yansu. Matsalar ɗaya ce ƙwai kaɗan ne, 40 zuwa 60 a shekara, kuma zakara sai ya kai wata shida ko fiye kafin ya yi jikin sayarwa. Amma ki je Mile 12 ko Agege ki ji kuɗin zakaran gida lokacin Sallah ko Kirsimeti, Yarbawa ma sun fi son shi a miya don namansa ba ya dagargajewa.

Hajiya Babba Idi-Araba: Ƙanwata ki nemi Noiler, tsakiya ce ita. Kamfanin Amo Farm na Awe a jihar Oyo ne ya samar da ita, tana kiwo a fili kamar ta gida amma wata uku zuwa huɗu ta yi nauyi in ana taimaka mata da abinci, ƙwai kuma ya ninka na kazar gida. Sai dai ki riƙe wannan da kyau, 'yan tsakin kwana ɗaya ba a sakinsu, sai sun yi sati huɗu ko biyar a ɗaki da ɗumi da abincin 'yan tsaki, kuma damina a Legas kin san yadda take, ruwa ya kwanta ƙasa ta yi laima sai ki ga sun fara kashin jini suna takurewa a lungu fuka-fukai a ƙasa. Ki ɗaga akurkin sama da ƙasa ki dinga sauya musu ɗiddigar katako.

Maman Ummi: Na gode Yaya. To Noiler ɗin tana kwanci?

Hajiya Babba Idi-Araba: Da wuya. Shi yasa ni na haɗa, kajin gida guda biyar na ajiye su ne iyaye, in ɗaya ta fara kwanci sai in zuba mata ƙwai goma, har na zabi ina saka mata, shi kwana 28 yake yi. Amma 'ya'yan Noiler da kika ƙyanƙyashe a gida ba sa kai iyayensu girma, dole lokaci-lokaci ki sayo sabbi.

Malam Likitan Dabbobi: Ku bari in ƙara. Akwai FUNAAB Alpha ta jami'ar noma da ke Abeokuta, Farfesa Olufunmilayo Adebambo ta jagoranci aikin, da jinin kajin gida aka haɗa ta shi yasa take jure yanayinmu, ga ta nan kusa da mu. Akwai kuma Shika Brown ta NAPRI, cibiyar binciken kiwon dabbobi a Zariya, amma ita ta ƙwai ce. Ko wacce kika saka, cutar Newcastle ba ta san ta gida ko ta agirik ba, lokacin hunturu take shiga ta share gari. Rigakafin Lasota ko I-2 na cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a jihar Filato, ki maimaita duk wata uku ko huɗu, ana ɗiga shi a ido. Kuma kazar da kika sayo a kasuwa ki ware ta sati biyu kafin ta shiga cikin naki.

Ɗan Zazzau: Wannan na warewa kam, wani maƙwabcina zakara ɗaya ya kawo daga kasuwa ya kwashe masa kaji duka.

Alhaji Mai Ƙwai Agege: Hajiya kuma kada ki sayi 'yan tsaki a bakin titi, wasu zakarun leyas suke sayarwa da sunan Noiler, sai sun girma ki ga duk ƙafa ne da tsayi ba nama. Ki bi ta wurin dila na kamfani ki karɓi rasit.

Maman Ummi: Allah ya saka da alheri. Zan fara da na gida shida da zakara ɗaya, Noiler talatin. Malam rigakafin nan sai an saka a firji ne? wutarmu a can ba ta zama.

Malam Likitan Dabbobi: Lasota dole sanyi, ki zo da kular sanyi da ƙanƙara ki yi amfani da shi ranar. I-2 ya fi jure zafi, shi zaki tambaya a shagon magungunan dabbobi.