Icen gida ba ya ɗaukar shurin babbar bindiga?

Ɗan Garwa: Salamu alaikum jama'a. Yau raina a ɓace yake. Bindigar da marigayi mahaifina ya bar mini, Brno ZKK 602 mai cin harsashin .375 H&H, da takardunta cif. An rage ƙotarta daidai hannunsa, shi gajere ne ni kuma dogo, duk harbi sai babban yatsana ya doki hancina. Ga shi ta fara tsagewa a wuya, daidai inda ƙarfe ya ƙare. Na kai wa wani masassaƙi ya yi mini sabuwa da madobiya. Kyau kam ba a magana. Da muka je gwaji kafin a buɗe farautar bana, harsashi sai inda ya ga dama, wannan sama wancan hagu, tsaga kuma ta sake fitowa a wuri ɗaya. Na faɗa na kuma faɗa: icen gida ba ya ɗaukar shurin babbar bindiga. Duk maharbin gaske ya san da wolnat, icen Turawa, kaɗai ake yi.

Jikan Sarkin Baka: Maharbin gaske? To mu da muka gaji adaka mu ne na wasa ke nan. Kakana da bindigar toka ya kayar da ɓauna, ƙotar kuwa a bayan gidanmu aka sare ta.

Na-Alkaleri: Bar shi. Mai bin Bature a baya yana ɗauke masa gorar ruwa shi ne yau yake raba wa mutane lambar girma.

Ɗan Garwa: Ni mai bin sawu ne, ba ɗan dako ba. Baturen da kake faɗa, in ban nuna masa ba, ba zai bambance sawun gwanki da na jaki ba. Ka zo dajin Faro a nan Kamaru ka gani.

Jikan Sarkin Baka: Ka amsa da bakinka. Kai ke nunawa, wani ke jan kunama. Ina harbin?

Malam Mai Alli: Ku yi haƙuri, a raba tukuna. Mafarauci daban, maharbi daban. Mai fita da gayya da karnuka da gora da kiɗa mafarauci ne. Maharbi shi kaɗai yake shiga, ya kwana a sama ko bakin ruwa.

Mai Karnuka: Malam, wato mu ma an cire mu? Ka taɓa tsayawa gaban mugun dawa da gora kawai a hannunka?

Malam Mai Alli: Ban ce ba ku da zuciya ba, na ce sana'a biyu ce.

Mai Karnuka: Ka tsaya a allonka.

Tsohon Soja: Ɗana, ƙyale su, saurare ni. Ƙotar mahaifinka da wane ice aka yi? Wolnat, ko ba haka ba? Kuma ita ma a nan ta tsage. To ka ga ba laifin madobiya ba ne. A ƙarƙashin ƙarfen, wajen gaba, akwai wani haƙori da ke shiga cikin ice. Shi ne ya kamata ya karɓi shurin duka. In masassaƙi ya fafe ramin ya yi yawa, haƙorin ba ya jingina da komai, sai shurin ya wuce baya, wutsiyar ƙarfen ta riƙa shiga icen kamar gatari a faskare. Shi ya sa masu aikin suke barin ɗan rata a bayan wutsiyar, kaurin takarda biyu ko uku, su cike ramin haƙorin da gam mai ƙarfi irin Araldite har ƙarfe ya kwanta ba motsi, sannan su ratsa ƙotar da ƙusa mai noti, ɗaya a gaba ɗaya a baya. Duba ƙotarka, in babu ƙusar nan, ka ga amsarka. Sai jijiyar icen: dole ta bi tsawon wuyan, in ta gitta ko wane ice ne zai karye. Na ƙarshe bushewa. Su can sai katakon ya shekara da shekaru a ajiye kafin a sa masa wuƙa. In ɗanye aka ba ka, hunturu na shigowa zai tsuke, noti su saki, wani gefe ya danne bututun, saiti ya tafi. Madobiya ta fi wolnat nauyi, wannan kuwa a bindiga mai shuri alheri ne ga kafaɗarka.

Na-Alkaleri: Baba, wannan duk karatun Turawa ne. Tambayar ita ce wa ya ba shi ikon cewa wani ba na gaske ba ne.

Ɗan Garwa: Harsashin .375 ɗin nan tun 1912 Holland & Holland suka fito da shi a Landan, har yau da shi ake tunkarar ɓauna a Afirka. Ku kuma kuna ɗura albarushi da tsumma, ku harba ku ruga.

Jikan Sarkin Baka: Harbi ɗaya gare mu shi ya sa muke matsawa har sai mun ji warin dabba. Kai kana da na biyu da na uku a ciki, ga Bature a gefe, ga mota tana jira. Wa ya fi wani?

Maman Ummi: Ni dai tambayata nawa aka biya masassaƙin.

Ɗan Garwa: Hajiya bar wannan maganar.

Ɗan Jalingo: Wai ma ina ka samu madobiya? Icen da 'yan katako ke kira madrid, an kwashe shi daga Taraba an loda wa jiragen ruwa zuwa Sin har sai da aka sa shi cikin jerin CITES, yarjejeniyar duniya mai taƙaita cinikin itatuwa da dabbobin da ake gudun ƙarewarsu, a 2017. Kana kukan ƙota, mu muna kukan daji.

Na-Alkaleri: Ai Kamaru komai halal ne. Mu nan Yankari tun 1956 aka killace ta, ba mai shiga da bindiga da sunan lasisi. Can kuwa an yanka daji gida-gida a kewayen Binuwai da Faro ana ba baƙi haya.

Ɗan Garwa: Hayar ce ke biyan masu gadi. Ku da ba ku ba da haya, giwaye nawa suka rage muku?

Na-Alkaleri: Kai za ka yi maganar giwa? Ɗaruruwan da aka kashe a dajin Buba Njidda na Kamaru a 2012 fa, a Bauchi aka yi?

Ɗan Garwa: Mahaya dawakai ne suka tsallako iyaka da bindigogin yaƙi, ba mu ba. Kada ka haɗa ni da ɓarayin haure.

Mai Karnuka: Ni har yanzu Malam bai janye maganarsa ba.

Tsohon Soja: Ɗana, ka duba ƙusar?

Malam Mai Alli: Ba abin da zan janye.

Shugaban Zaure: To ya isa haka, an kira la'asar. Ga abin da na fahimta. Kusan kowa ya yarda cewa kalmar da ɗan'uwanmu na Garwa ya furta ba ta dace ba, kuma harbi na asali shi ne wanda muka gada, ko da baka ko da adaka, kamar yadda Jikan Sarkin Baka ya yi bayani mai gamsarwa. Ba don gidanmu ɗaya da shi nake faɗa ba, kowa ya karanta. An kuma tabbatar icen gida ya fi na Turawa, Baba Soja ma ya faɗa. Malam zai ba Mai Karnuka haƙuri a gefe. Wanda ya sake kawo maganar Kamaru da Najeriya a nan zan cire shi har sati.