Bebe a labarin haɗaka: a fassara hannunsa ko a bar mu da hasashe?

Mai Jan Zare: Jama'a ku raba mu. A labarin da muke haɗawa, kowa da jaruminsa, ni bebe na ɗauka. Jiya na rubuta cewa ya yi magana da hannu, "kada ku bi ta nan." Ƙanin Kowa ya ce wai maguɗi ne, ba ni da ikon sa masa zance.

Ƙanin Kowa: Yaya, ina nan kan bakata. In duk abin da ya nuna sai kin fassara, ina bebantakar take? Ki rubuta motsin kawai, mu yi ta laluben ma'ana. Daɗin wasan ke nan.

'Yar Alƙalami: Haba! Maganar hannu fa harshe ce mai nahawunta, har ɗaga gira yana iya mayar da zance tambaya. Ta Amurka daban, ta Ingila daban, duk da Turanci suke ji. In wanda yake gabansa ya iya, a rubuta zancen kamar na kowa. In bai iya ba, a nan ne hasashenka zai yi aiki.

Ƙanin Kowa: To ta ba shi allo da alli mana, a huta.

Dattijo: Tsaya, yaro. Ku fara tambaya: me ya hana shi magana? Ba kowane bebe ne kurma ba. Wanda aka cire wa maƙogwaron murya saboda ciwon daji yana ji sarai, yana rubutu, leɓɓansa na motsi, sautin ne babu. Amma a 1861 likita Paul Broca na Faransa ya duba wani majinyaci da ba ya iya furta komai sai "tan", daga baya aka ga rauni a ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwarsa. Masu irin wannan lalura sau da yawa rubutun ma yana gagararsu, allo bai fisshe su ba. Akwai kuma wanda fargaba ce ke ɗaure masa harshe a gaban baƙi, a gida kuwa aku ne.

Mai Jan Zare: Nawa rauni ya samu a wuya, Baba.

Dattijo: To yana ji. Ki tuna dai, hannu sai da ido. Cikin duhu fa? Ko yana riƙe da fitila, ko an ba shi baya?

Mai Jan Zare: Kash! Ai a cikin kogo muke, babu haske. Na goge, zan sa ya fizgi rigar wani.

Ƙanin Kowa: Rigata zai ja, ni kuma ba zan gane ba, zan wuce abina.

'Yar Alƙalami: Ka wuce mana, ramin na gabanka.