Wai mi ya kashe baburan Jamus ne?

Ɗan Kanwuri:
Salamu alaikum 'yan uwa. Abin nan na damuna, duk cikin garin Sakkwato ka duba 'yan kabu-kabu daga Tsohuwar Kasuwa har Gawon Nama ba ka ganin komi sai Bajaj da Jincheng da Kasea, amma in mota ce kowa Marsandi yake yabo. To mutanen da sunka iya mota haka mi ya hana su mashin?

Bakanike Mabera:
Wa alaikumus salam. Ai da su ne gaba malam. A 1955 babu kamfanin da ya kai NSU ƙera babura duk duniya, kafin shi kuma DKW ta riƙe kambun. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ƙasashen da sunka ci Jamus sun kwashe zanen babur ɗin DKW RT 125 a matsayin diyya, Ingila ta yi BSA Bantam da shi, Amurka ta yi ƙaramin Harley, Rasha ma ta yi nata, kai har mashin ɗin farko na Yamaha kwaikwayonshi ne. Amma ni a ganina ba wannan ya kashe su ba, arziki ne. Bajamushe ya samu kuɗi, ga sanyi ga ruwan sama ga mata da yara, sai ya aje babur ya sayi Volkswagen ko 'yar ƙurƙurar nan Isetta, kasuwa ta faɗi warwas cikin 'yan shekaru. Adler ta koma keken rubutu, Horex ta rufe, NSU ta koma mota daga baya ta narke cikin Audi.

Abu Gidan Igwai:
Gaskiya ne amma kar a manta Japan. Wallahi labarin kamfanin babura na MZ na Jamus ta Gabas shi ya fi ba ni takaici, injiniyansu Walter Kaaden ya sha wahala ya gano sirrin salansa mai ƙara ma inji ƙarfi, sai mai yi masu tseren babur Ernst Degner ya gudu a 1961 ya koma Suzuki, shekara na zagayowa ya ci masu gasar duniya. Zündapp kuma ta karye a 1984, 'yan Chana sunka saye masana'antar sunka kwance ta kaf sai Tianjin.

Ɗan Kanwuri:
Allah shi saka da alheri. To BMW fa, ita ya ta tsira?

Bakanike Mabera:
Da ƙyar, a 1959 saura kaɗan Daimler-Benz, masu ƙera Marsandi, ta haɗiye ta, sai attajiri Herbert Quandt ya zuba kuɗi ya cece ta. Har yau tana ƙera manyan babura a Balin, sai dai kuɗin guda ya sai maka Bajaj da yawa, shi ya sa ba ka ganinsu nan.