Me ya kawo baƙaƙen ramuka biyu wuri ɗaya bayan taurarinsu sun mutu?

Malamin Fiziks, Mabera:
Assalamu alaikum. Ina koyarwa a wata sakandare nan Sakkwato. Jiya nake ba 'yan aji shida labarin abin da na'urar LIGO ta Amurka ta kama ranar 14 ga Satumba 2015: baƙaƙen ramuka biyu (ragowar manyan taurarin da suka mutu, waɗanda ko haske ba ya iya kuɓucewa jansu), ɗaya nauyin rana 36, ɗayan 29, suka haɗe suka koma guda mai nauyin rana 62. Ukun da suka rage sun fita a matsayin girgizar sarari, ta yi tafiyar shekara kusan biliyan 1.3 kafin ta iske mu.

Sai wata yarinya da ke zama layin gaba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ka ce irin wanga tauraro kumbura yake yi kafin ya mutu, har ya ninka faɗin rana sau ɗaruruwa. In suna kusa, ai tun suna raye za su haɗiye juna. In kuwa suna nesa, mi zai kawo su wuri ɗaya?"

Na ce ta ba ni zuwa Litinin. Daren jiya babu wuta, zafi ya kore mu tsakar gida, ina kwance bisa tabarma ina kallon sama ina jujjuya tambayar har aka kira assalatu. Ba na son in sallame ta da amsar da ba ta ƙoshi ba.

Ɗalibin Jami'a, Dundaye:
Wa alaikumus salam, Allah ya gafarta Malam. Yarinyar nan ta taka inda masana suka daɗe suna tuntuɓe. Girgizar sarari tana rage tazara, amma a hankali ƙwarai. Sai in ramukan sun riga sun matso, tazararsu ba ta wuce faɗin rana 'yan gommai ba, sannan za su haɗu cikin shekara biliyan 13.8 da sararin samaniya ya yi.

Yawancin manyan taurari tagwaye ake haifarsu, suna zagaya juna daga nesa. Wanda ya fi nauyi shi ke fara ƙone haidirojin ɗinsa, ya kumbura, gas ɗinsa ya riƙa kwarara kan ɗan'uwansa kamar ƙwaryar da ta cika ta tumbatsa. Sai tsurar ƙwayarsa ta rage, ta rufta ta zama baƙin rami.

Bayan wasu shekaru miliyoyi na biyun ma ya kumbura, har ya lulluɓe baƙin ramin cikin gas ɗinsa. Yanzu ramin da ƙwayar tauraron suna cikin mayafi ɗaya. Malam ya tuna yadda tafiya take in mutum ya shiga gulbin Rima ruwa iya ƙugu, kowane taku ruwan na riƙe shi. Haka gas ɗin ke yi wa ramin, yana gangarawa ciki kewaye bayan kewaye, ƙarfin da ya rasa kuma yana dumama mayafin har ya yaye ya watse. In ya yaye da wuri, an bar rami da ƙwaya dab da juna, ƙwayar ta mutu ta zama rami na biyu. In bai yaye ba, sai su haɗe tun a nan, kamar yadda ɗalibarka ta hango. Bohdan Paczynski, masani ɗan ƙasar Polan, ya bayyana wannan mataki a 1976.

Akwai wata hanyar kuma, cikin cunkoson taurari, inda ramukan da ba a haife su tare ba ke kama juna.

Tsohuwar Malamar Kemistiri, Arkilla:
Ɗana ka yi bayani, amma ka tsallake fashewar. Tauraron da ya haura nauyin rana 8 yakan ƙare da sufanoba, wato gagarumar fashewar tauraro, kuma fashewar ba ta fita daidai ta kowane gefe, tana harba abin da ya rage da gudun ɗaruruwan kilomita a daƙiƙa. Kamar majaujawa ce igiya ta tsinke, dutse ya kama gabansa. Tagwaye da yawa a nan suke rabuwa har abada, musamman masu barin tauraron niyutiron, wannan da ya fi rana nauyi amma faɗinsa kilomita 20 ne kacal ko kusa da haka.

Waɗanda suka tsira mun gan su. A 1974 wasu masana 'yan Amurka, Hulse da Taylor, suka gano irin waɗannan guda biyu suna kewaya juna cikin awa 7 da minti 45, tazararsu na raguwa kimanin mita 3.5 a shekara. Sai nan da shekara miliyan 300 za su haɗu. Ranar 17 ga Agusta 2017 kuwa aka kama haɗuwar wasu biyun, aka kuma ga haskenta, a ciki aka ga alamar ana ƙera ƙarafa masu nauyi, dangin zinari. Ranar da na karanta haka na cire ɗan kunnen da mahaifiyata ta bar mini, na daɗe ina kallonsa a tafin hannuna.

Malamin Fiziks, Mabera:
Allah ya saka muku da alheri. Hajiya, Allah ya ƙara lafiya, majaujawar nan da ita zan shiga aji. Zan kuma cika roba da ruwa in sa su juya dutse ɗaure da zare, a iska sannan a cikin ruwan, su ji riƙon da hannunsu. Ita yarinyar zan kira gaban allo ta fara zana taurarin biyu.

Ƙanena na Dundaye, saura abu ɗaya: in iskar tauraro, wato gas ɗin da yake fesarwa sarari, tana ɓarar da nauyinsa tun yana raye, ta ina aka samu rami mai nauyin rana 36?

Ɗalibin Jami'a, Dundaye:
Taurarin da aka haifa daga gas mai ƙarancin ƙarfe iskarsu ba ta da ƙarfi, Malam, shi ya sa suke mutuwa da nauyinsu. Zan zana maka matakan a takarda in turo kafin Litinin, in sha Allah.